Ta ce mu goge bidiyonta, amma shi ne ke kawo mana kuɗin marasa lafiya

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai, ina neman masu ilimi da masu hangen nesa a cikinku su sa mini baki.

Ni ce sakatariyar wata 'yar ƙungiyar mata a unguwarmu a nan Kano. Da adashi muka faro, daga baya muka koma tara wa marasa lafiya kuɗin magani. Shekarun baya kaɗan aka kawo mana labarin wata baiwar Allah, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, tana suyar awara a ƙofar gida. Ciwon daji ya kama ta a mama, likita ya ce sai an yi aiki an cire, sannan a bi da allurai. Abin da ke asusunmu ko kwatan kuɗin bai kai ba. Sai ɗaya daga cikinmu ta kawo shawarar a ɗauki bidiyonta a sa a Facebook da TikTok. Da ni aka je ɗakinta. Aka ce mata, "Iya, za mu ɗauke ki a waya don jama'a su taimaka, kin yarda?" Ta ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne, ni dai ku taimake ni." A bidiyon tana kuka, ta faɗi ciwonta, ta faɗi yadda dangin miji suka juya mata baya. Ana ganin tabarmarta da kwanukanta, ga autanta a raɓe jikin bango.

Allah ya sa bidiyon ya yaɗu, kuɗi suka shigo, aka yi aiki. Ta sha wuyar allurai, amma yanzu ta miƙe har ta koma kan kaskonta. Alhamdulillah.

To bidiyon nan ba mu taɓa sauke shi ba. Duk azumi mukan sake ɗora shi da lambar asusun ƙungiya a ƙasa, domin a duk abin da muka taɓa sakawa babu wanda ke taɓa zuciyar mutane kamarsa. Da abin da yake kawowa muke biya wa wani dattijo kuɗin wankin ƙoda, muke saya wa yara masu sikila magani. Wallahi kwabo ba ya shiga jakar kowa a cikinmu, komai a rubuce yake a littafina.

Satin da ya wuce sai ga ta a gidana. An kawo kuɗin gaisuwar babbar 'yarta, ana shirin sa rana, sai wata gwaggon yaron ta ci karo da bidiyon ta tura wa dangi. Yanzu ana ta cewa gidan bara za a je neman aure, wasu na cewa ciwon gado ne. Autan nata kuma yara na tsokanarsa a Islamiyya. Ta durƙusa a gabana, mace da ta girme ni, ta ce, "Hajiya, don girman Allah ku cire ni daga waya." Ta ce ita a zatonta wasu masu kuɗi za a nuna wa, su gani su taimaka, shi ke nan. Wayarta ƙarama ce mai madannai, ba ta taɓa ganin bidiyon da idonta ba sai da 'yarta ta nuna mata tana kuka.

Na kai maganar gaban kwamiti, kai ya rabu. Ma'ajinmu ta ce ai ta yarda da bakinta a gaban shaidu, kuma ba don bidiyon ba da tuni an yi arba'in ɗinta an manta. Ta ce kunyar mutum ɗaya ba ta kai ran mutum goma ba. Ni zuciyata na ce mini a sauke shi, amma na rasa amsar da zan ba ta, don ni na san dattijon nan mai ƙoda, na san ranar da ba a wanke masa ba yadda ƙafafunsa ke kumbura. Ƙanina da ke jami'a ya ce wani Bajamushe masanin falsafa ya ce bai halatta a mayar da ɗan Adam tsanin hawa zuwa wata buƙata ba, ko da buƙatar alheri ce. To mu da ba don kanmu muke yi ba, mu ma mun faɗa cikin wannan? Kuma idan mutum ya yarda tun farko, yana da ikon janyewa bayan ya ci moriyar abin?

Alhajin Kwari:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka muku da alheri, ya ba ta lafiya mai ɗorewa. Ni karatun bokona bai yi nisa ba, a kasuwa na tashi, abin da na gani zan faɗa.

Ina bayan ma'ajinku. Mutanenmu ba sa ciro kuɗi sai sun gani da ido, kuma ban ga laifinsu ba, an sha cutar su da takardun asibiti na ƙarya. Ni kaina in an turo mini rubutu zalla da lambar asusu, wucewa nake yi. In na ga fuska na ji murya, sai hannuna ya tafi aljihu. Kun samu abin da ke buɗe hannun jama'a, ku rufe shi da kanku, wa za ku cuta? Dattijon nan za ku cuta.

Maganar kada a yi amfani da mutum kuwa, wane ne ba a amfani da shi? Yaran shagona ina amfani da su, su ma suna amfani da ni su samu jari. Ɗan dakon da ke ɗaukar mini dila daga bakin titi zuwa shago, ai ba don ina ƙaunarsa na kira shi ba. Haka duniya ke tafiya.

Wannan baiwar Allah, mutanen da ba su san ta ba ne suka tsaya mata. Yau ga dama ta samu ta tsaya wa wasu ba tare da ta kashe ko sisi ba. Surutun dangin miji na ɗan lokaci ne, amma wanda ya rasa wankin ƙoda sai dai a yi masa sutura. Shawarata ku ɗauki dattawa biyu ku je gidan yaron ku yi musu bayani. In don uwar yarinya ta taɓa ciwo za su fasa, to Allah ne ya raba yarinyar da wahala. Ita kuma ku ba ta haƙuri, ku ɗauke mata wani abu a kayan ɗakin 'yar, ku bar bidiyonku.

Malamin Samaru:

Hajiya, wanda ƙaninki yake nufi shi ne Immanuel Kant. An haife shi a 1724 a Konigsberg, garin da a yau yake hannun Rasha da sunan Kaliningrad, kuma a can ya mutu a 1804. A wani ɗan littafi da ya fitar a 1785 a kan tushen ɗabi'a ya kawo ƙa'idar. Ma'anarta ita ce: duk abin da za ka yi, ka riƙi ɗan Adam, kai kanka ne ko waninka, a matsayin abin nufi a karan kansa, kada ka taɓa riƙon sa a matsayin hanyar biyan buƙata kaɗai.

Alhaji, da wannan za ka ga Kant bai hana abin da ka faɗa ba. Bai ce kada ka amfana da ɗan dako ba. Ɗan dakon nan ya ga dilar da idonsa, ya san nauyinta, kun yi ciniki, in bai ga dama ba ya ce a'a ya juya. Aikin da kake so ya zama aikin da shi ma ya zaɓa don tasa buƙatar. Da za ka ce masa nan kusa ne alhali ka san da nisa, ko ka riƙe masa kuɗinsa na jiya don ka tilasta shi ya ɗauki na yau, to a nan ka fitar da hankalinsa da zaɓinsa daga lissafi, ƙarfin wuyansa kawai ka bari.

Misalin da Kant ya bayar da kansa shi ne na mutumin da ya shiga matsi, ya nemi rance, ya yi alkawarin biya alhali ya san ba zai iya ba. Ya ce mai bayar da rancen babu yadda za a yi ya yarda da abin da ake yi da shi, tunda an ɓoye masa ainihin abin. To Hajiya, ɗora wannan a kan matsalarku, za ki ga mutum biyu abin ya shafa. Ta farko ita baiwar Allahn. Abin da ta yarda da shi shi ne a nuna ta don a yi mata aiki. Ba a tambaye ta ko ta yarda fuskarta ta zama tallar ƙungiya duk shekara ba, kuma yanzu da ta gane, ta zo da ƙafarta ta ce a'a. Duk ranar da bidiyon ya ƙara kwana bayan wannan, kuna cin gajiyar hawayenta ne ita kuwa kun ajiye ta gefe. Na biyu kuma, wanda ban ji kowa ya ambata ba, shi ne mai tura kuɗin. Yana kallon mace tana kuka tana cewa a taimake ta, ya tura dubu biyar ɗinsa da nufin a yi mata aiki, alhali an yi aikin tuni. Kuɗinsa wurin alheri suka tafi, na yarda, amma an zaɓa masa ne ba tare da ya sani ba.

Batun kayan ɗaki kuma. Kant ya raba abubuwa gida biyu: mai farashi, wanda za a iya musanya shi da makamancinsa, da mai daraja, wanda ba shi da madadi. In kun je kun zauna da ita kun ce, Iya, ga amfanin da bidiyon ke yi, za ki yarda a bar shi, ta yi tunani ta ce ta yarda, wannan zaɓinta ne, babu laifi. In kuma kun riga kun yanke cewa ba za a sauke ba, sannan kuka kai mata gado da katifa don ta yi shiru, to kun sa wa abin da ta ce ba na sayarwa ba ne farashi.

Ba na raina hujjar ma'ajinku. Tsohuwar hujja ce, Jeremy Bentham na Ingila da mabiyansa sun gina mazhaba guda a kanta: a auna amfani da cutarwa, a bi inda amfanin ya fi yawa. Kuma Kant ma ya ce taimakon mabuƙaci wajibi ne, don haka dattijon mai ƙoda yana da haƙƙi a kanku. Sai dai wajibin taimako ya bar muku zaɓin hanya, bai ba ku izinin biyan sa da abin da ba naku ba. Sirrin ciwon matar nan nata ne. In aka bi lissafin mutum ɗaya da mutum goma har ƙarshensa, babu talakan da zai tsira, domin kullum za a samu goman da za su amfana da tozarta shi.

Ina gaya wa ɗalibaina wani abu, bari in faɗa a nan ma. Shi Kant ɗin ya rubuta maganganun raini a kan baƙar fata a wasu rubuce-rubucensa, kuma ban yafe masa su ba. Ƙa'idarsa ce ta fara kama shi kafin ta kama wani. Don haka kada ki karɓe ta don Bature ne ya faɗa, ki auna ta da hankalinki.

Sista Mai Jinya:

Maman Hanifa, sannu da ƙoƙari. Ni tambayarki ta biyu zan amsa, ta janye yarda, don a aikinmu kullum muna cikinta.

Mu mutanen Kano bai kamata a koya mana wannan darasin sau biyu ba. A 1996 aka yi annobar sanƙarau da ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya. A tsakiyarta kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinsa Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su ceftriaxone, wani maganin sanƙarau da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya jawo haka, kuma an yi wa iyaye bayani sun yarda da baki. Iyaye da yawa suka ce su ba su san gwaji ake yi ba, sun ɗauka magani ne kawai ake ba 'ya'yansu. Aka yi shekaru ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba. Da aka zo 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa 2004, wannan labarin yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi.

Kada ki ɗauka ina haɗa ku da wancan, ku alheri kuka nufa kuma babu ribar da kuka ci. Abin da nake so ki duba shi ne yanayin da aka ce "na yarda". Uwar da ke riƙe da yaro wuyansa ya sandare, duk abin da mai farar riga ya ce mata za ta ce to. Haka macen da aka ce za a yanke mata mama ba ta da kuɗi. Kalmarta da kika kawo, "duk yadda kuka yi daidai ne", na sha jin ta a bakin gado, kuma in na ji ta nakan gane cewa mutum ya kai inda ba shi da zaɓi. A lokacin ne ya kamata mai taimako ya ƙara taka-tsantsan.

Tun 1947, bayan shari'ar likitocin Nazi, wato na gwamnatin Hitler, a birnin Nuremberg na Jamus, aka rubuta ƙa'idoji goma na gwaji a kan ɗan Adam. Ta farko ita ce yardar mutum da son ransa bayan ya fahimci abin da za a yi. A cikinsu kuma akwai cewa yana da ikon tsayar da abin in ya ga ba zai iya ci gaba ba. Majinyacin da ya sa hannu jiya, in ya ce yau ya fasa, ba ma tura shi tiyata da ƙarfi mu ce ai ga sa hannunka. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Najeriya a 2023 ita ma ta ba mutum ikon janye yardarsa, kuma bayanin lafiya yana cikin waɗanda ta fi tsanantawa a kansu.

Alhaji ya yi gaskiya a abu ɗaya, mutane na son gani. To akwai waɗanda ba su damu a nuna su ba, ku tambaye su bayan kun nuna musu a waya inda abin ke zuwa da yawan masu kallo. Ku rufe fuskar wanda bai so, ku bar yara ƙanana daga hoton kwata-kwata, ku rinƙa ɗora rasit ɗin asibiti. Ranar da aka kammala tara wa mutum kuɗinsa, ku sauke nasa.

Baba na Zaure:

Allah ya yi muku albarka baki ɗaya. Ni tsoho ne, jikana ke rubuta mini.

'Yata Maman Hanifa, ki buɗe Suratul Baƙara aya ta 263 da ta 264. Allah ya ce kyakkyawar magana da yafiya sun fi sadakar da cutarwa ke bin bayanta, sannan ya ce kada mu ɓata sadakokinmu da gori da cutarwa. Ki gaya wa ma'ajinku cikin taushi, maganar nan ta "ba don mu ba da tuni an yi arba'in ɗinta" ita ce gorin da ake tsoro, kuma rai ba a hannun bidiyo yake ba. Sadaka ba rance ba ce da za a dawo bayan shekaru a ce a biya da mutunci. Aya ta 271 ta halatta bayyana sadaka, amma ta ce ɓoye ta a kai wa matalauta shi ya fi. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi. Kuɗin da mutum ya bayar da sunan wance kuma amana ce, ba a karkatar da ita sai da saninsa.

Malam na Samaru, na ji daɗin bayaninka, amma akwai inda ya tsaya mini. Yadda na fahimci bayaninka, a wurin Kant darajar mutum tana rataye da hankalinsa da ikonsa na zaɓi. To jariri fa, da mai taɓin hankali da ke yawo a titi, wanda yaran zamani ke ɗauka a waya suna dariya? Su ba za su iya cewa e ko a'a ba. A Suratul Isra'i aya ta 70 Allah ya ce ya karrama 'ya'yan Adam, bai ware masu wayo ba. Ina ganin wannan rumfar ta fi ta Bajamushen faɗi.

Malamin Samaru:

Allah ya gafarta Malam, kun taɓo inda masana suka daɗe suna kai ruwa rana da Kant. Masu kare shi suna cewa yanayin ɗan Adam na mai hankali yake nufi, ko da bai bayyana a wani mutum ba saboda ƙuruciya ko ciwo. Ni amsar ba ta gama gamsar da ni ba, kuma a kan jariri da mahaukaci ina tare da ku. Amma a kan wannan baiwar Allah babu saɓani, da hankalinta cikakke ta zo ta faɗi abin da take so.

Alhajin Kwari:

Maganar masu tura kuɗi ta shige ni, don ni ma ina cikinsu, kuma ba zan so in tura don aikin da aka riga aka yi ba. A nan na sauko. Amma ku sani kuɗin azumin bana za su ragu, kar wanda ya yaudari kansa. Hajiya, kafin ku sauke, ku fara lissafa kuɗin wankin ƙodar dattijon nan na wata uku ku faɗa mana a nan, mu ga abin da za a iya yi.

Maman Hanifa:

Na gode Baba, na gode Malam, Alhaji da Sista. Ranar Asabar kwamiti zai zauna, zan karanta musu wannan duka, har da maganar Alhaji ta farko, don ma'ajinmu ta san an ji hujjarta. Lissafin dattijon zan kawo shi in sha Allah bayan na duba littafi.

Sista, abu biyu nake so ki taimaka mini da su. Yawancin waɗanda muke taimaka wa ba sa karatu, to wa ya kamata ya zama shaida lokacin da ake yi musu bayani, ɗan uwansu ko wani wanda ba ya cikin ƙungiya? Sannan na bincika jiya na ga wasu shafuka sun kwafi bidiyon sun ɗora a nasu, ɗaya ma da wata lambar asusu da ba tamu ba. In mun sauke namu, ta wace hanya ake bi a sa Facebook da TikTok su cire na wurinsu?